Yatsu Biyu a Ɗakin Jiran Likitan Ido

A ɗakin jiran likitan ido, wata malamar firamare tana latsa kwamfutar hannu. Dattijon tela da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, abin da ya kashe miki ido kika kawo wa likita?"

Ta yi dariya. "Baba, idona ƙalau. Ɗalibata na rako, tana ciki da mahaifiyarta. Wannan kuwa horo aka ba mu kan koyarwa da ita."

"Mu da alli aka koyar da mu, kuma mun zama mutane."

"Ni ma da alli na saba. Amma a horon aka nuna mana yadda ake ƙara girman rubutu. Da na haska a bangon aji, sai yarinyar da kowa ke cewa ba ta ganewa ta karanta layi guda ba gargada. Ashe gani ne ba ta yi sosai."

"Ikon Allah!"

"Kai fa, Baba, me ya kawo ka?"

"Ni? Zare ne kawai yake mini gardama da allura." Ya waiga, ya zaro wayarsa, ya rage murya. "Malama, ana yin wannan a waya? Saƙon 'yata ma maƙwabci ke karanta mini."

Ta matso. "Ɗora yatsu biyu nan, ka buɗa su a hankali."

Ya buɗa, ya ƙura ido, sai ya washe baki.

"Kai! Wai jikata ta fara tafiya!"