Bakina ne kawai ya ce Alhamdulillahi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga unguwar Misfala a Makka nake rubuto maka.

Makon jiya na dawo daga Kuwait, inda na binne ɗana na fari. Kujerar tsakiya aka ba ni can bayan jirgi, gwiwata na gogar ta gaba. Da aka sanar mun kusa mikati, masu umara suka ɗauki Labbaika. Dattijon da ke gefena, sanye da harami, sai kuka yake. Da ya ji a Makka nake zaune, ya riƙe hannuna, ya ce da Larabci, "Kai kam Allah ya gama maka komai."

Na ce, "Alhamdulillahi." Wallahi bakina ne kawai ya faɗa.

Har yau ko ɗigon hawaye ban yi ba. Malam, taya ni tambayar masu sauraro: haƙuri ne wannan, ko zuciyar ce ta mutu?