Huɗubar 'Yata ta Waya Daga Jidda

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanmu da hantsi. Ni ce Hajara, daga Tudun Wadan Zariya.

Lokacin da korona ta dawo karo na biyu ina da tsohon ciki, maigidana kuma yana ɗinki a Jidda. Har ya haɗa kayansa zai taho, Saudiyya ta dakatar da jirage. Ƙanwata da ke karatu a Ingila ta ce su an sake kulle su a gida. Mu nan makarantu aka rufe, aka ce a sa takunkumi, amma kasuwa tana ci.

Kullum da la'asar nakan zauna gindin mangwaron gidanmu, rediyo na lissafa ƙasashen da cutar ta kama, ni kuwa hankalina ya tafi. Sai in ga kamar keke ya tsaya a ƙofa, maigidana ya sauko da farar jallabiya yana ƙamshin turare.

Ranar da na haihu ya kira, ya ce, "Hajara, kara mata wayar a kunne." Ya yi mata huɗuba. Jaririyar ta yi tsit, surukata Inna tana share hawaye.

Sai da ta fara rarrafe ya iso. Ya miƙa hannu ta ƙi shi, amma da ya yi magana sai ta juyo tana neman bakinsa da ɗan yatsa.

A gaishe min da duk matan da suka yi jego su kaɗai a shekarar nan. Allah ya raya mana.