Ranar da Na Haɗiye "Lafiya Lau"

Salama gare ku cikin sunan Yesu, 'ya'yana da jikokina.

Shekarar da kogi ya cinye shinkafar gonakin Saga, ban daɗe da fita takabar maigidana ba, ƙafata ta hagu ta mutu. Ni da nake ɗauko kwandon salati daga lambunan Gudel har kasuwa ban sauke ba! Sai ga ni ina jan jiki zuwa gindin randa. Majami'a ma ta gagare ni.

Jikata ta ce ana ba naƙasassu kati da keke, amma sai an zo an duba mutum. Ranar da madam mai dubawa za ta zo, na ɗaura zanen biki, na sa aka ɗora ni bisa kujera, na lulluɓe ƙafar. Ai ba a tarbar baƙo da kuka.

Da madam ta iso, ta ce, "Inna, yaya jiki?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Kina ɗibar ruwa da kanki?"

"Ni? Tun ba a haifi uwarki ba."

Ta sha fura, ta tafi. Aka ce ban cancanta ba.

Hadiza maƙwabciyata, musulma ce, tare muka yi tallar salati, ta leƙo ta katanga ta ce, "Maryama, tunda girma kika zaɓa, sai ki hau shi ya kai ki majami'a."

Maganar ta ƙona ni. Da safe na kai ƙarar madam gaban Ubangiji. Sai ya tuna mini makahon nan na bakin hanya. Da Yesu ya tambaye shi abin da yake so, bai ce masa lafiya lau ba.

Jikata ta roƙa a sake dubawa. Madam ta iske ni bisa tabarma.

"Inna, yaya jiki?"

Bakina ya ɗauko "lafiya", na haɗiye. Na yaye zane na ce, "Duba, ɗiyata."

Ta durƙusa ta lallatsa ƙafar, ta ga yadda nake kaiwa randa. Ta ce, "Ni ma da laifina, Inna. Na tambayi baki, ban tambayi ƙafa ba."

Keken da kuka gani a ƙofa, shi ya kawo ni. Haleluya! Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, ku nuna masa inda ke ciwo.

Cikin mu masu kwandon Gudel, saura ni da Hadiza da Fati ta unguwar Yantala, wadda idanunta suka tafi. Jibi za a duba Fati. Zan zauna kusa da ita. In ta ce lafiya lau, zan mintsine ta.