Ranar Da Zarif Ya Juya Yamma

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan taro, taubashina Ramzan. Gwaggo Noeleen, uwa a gare mu, wadda kakanninta suka riga kowa zama a wannan ƙasa da muke tsaye a kanta. Baƙinmu da suka taso daga Melbourne, wato Lachlan mai kamfanin wasannin bidiyo, da Tamsin mai zane. 'Yan'uwana jikokin masu raƙuma da kuka taru a nan Marree daga kudu da arewa: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da Ya kai mu wannan rana, ina gode wa matan da suka tsaya kan tukwane tun asuba, ina kuma gode muku da kuka bar shayinku yana hucewa domin ku saurari tsoho.

Kun san abin da ya tara mu. Waɗannan bayin Allah sun ƙera wasa wanda jaruminsa shi ne kakanmu Zarif Gul, yana jan ayarin raƙuma cikin hamada, yana shayar da duk wanda ya tarar ƙishirwa ta kayar. Ba za su fitar da shi da sunansa ba sai iyali sun yarda, ku kuma kun ɗora mini sa hannu. Ga takardar nan a aljihuna, ban sa mata hannu ba, kuma haƙƙinku ne ku ji dalili.

Da farko, ina shaida a gaban Allah cewa Tamsin ta riƙe amana. Na daɗe ina auna hukuncin zana mutum, na duba maganganun malamai da saɓaninsu, kafin zuciyata ta natsu. Bayan na buɗe mata ƙofa, shekara biyu tana zuwa gidana da littafin zanenta. Ta tambaye ni naɗin rawaninsa, ta tambaye ni yadda yake durƙusar da raƙumi, ta tambaye ni ƙafar da yake ɗingisawa. Sau goma sha ɗaya ta zana fuskarsa ina cewa ba shi ba ne. A na goma sha biyu na ga shi ne, na tashi na shiga ɗaki.

Na biyu, ga abin da na gani a makon jiya. Sun ba ni wasan in gwada. Na tura Zarif gabas, wato dama a fuskar allo, ya tarar da matafiyi a kwance, ya durƙusa ya miƙa masa ruwa da hannun dama. Na ce alhamdu lillahi. Sai na juya shi yamma. Jama'a, sai ga kakana yana miƙa wa mutum ruwa da hagu! Ɗingishin ma ya tashi daga wannan ƙafa ya koma waccan.

Na tambaya, Tamsin ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Al'adar sana'arsu ce: ana zana jarumi yana fuskantar gefe guda kawai, idan ya juya sai na'ura ta kifa zanen kamar yadda madubi yake yi. Da haka ake rage rabin aiki. Ba raini ba ne, ba mugun nufi ba ne, haka aka koya musu, haka kowa yake yi.

Na ce wa Lachlan a gyara. Ya dafe kai ya ce, “Haba Kawu! Zane ɗari shida da arba'in ne fa, ɗaya bayan ɗaya. Mako shida ke nan. Baje-kolin wasanni na Melbourne saura mako huɗu, in muka rasa shi sai baɗi. Wa ma zai lura da hannu?”

Na ce, “Ɗana, ni da idona ɗaya ya yi yana ma, na lura.”

Shugaban taronku kuwa, da labari ya kai masa, sai ya bugo mini waya yana faɗa: “Kai tsoho mai taurin kan raƙumi! Shekara ɗari ba wanda ya tuna da mu, yau an tuna, za ka kori mutane a kan hannu? Sa hannu mu huta!” Na ce masa, “Ramzan, kai da ka gaji ɗingishin ba ka gaji hankalin ba, bari sai mun haɗu a Marree.” To, ga mu mun haɗu. Kuma maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Ni ma na ƙosa in ga jikokinmu suna riƙe da akalar kakansu, ko da a allo ne.

Na uku, ku ji abin da ya hana ni. Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da mu ci da dama, mu sha da dama, mu bayar da dama. Zarif bai yi zurfin karatu ba, amma wannan ya riƙe shi da haƙoransa. Igiyar kaya ta tsinke masa yatsu biyu a hannun dama tun yana saurayi, riƙon kofi da shi wahala ne, ruwa yana zuba. Ina ɗan shekara bakwai na ce masa, “Baba, ka ba su da ɗayan mana, shi ne mai lafiya.” Ya dube ni ya ce, “Ruwan na Allah ne. Abin da yake nawa a ciki shi ne hannun.” Mahaifiyar Gwaggo Noeleen ta sha daga wannan hannu a shekarar fari, ga 'yarta nan zaune, ku tambaye ta.

Yanzu ku auna. Yaro a Darwin ko a Hobart, wanda bai taɓa jin sunanmu ba, zai yi sa'o'i tare da Zarif. Rabin tafiyar nan yamma ake yin ta. Rabin abin da zai gani ke nan ba kakanmu ba ne, inuwarsa ce a madubi. An manta da mu shekara ɗari, mun haƙura. Amma mantuwa tana da magani, ranar da aka tuna ta warke. Wanda aka tuna da shi a karkace kuwa, wa zai miƙe shi bayan mun kwanta dama? Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ban zo da ƙi kawai ba. Jiya Tamsin ta same ni ta ce, “Kawu, tun ranar nan ban ƙara iya kallonsa yana tafiya yamma ba. In za ka tsaya mini, ni zan zana.” Saboda haka ranar Litinin zan bi su Melbourne da sandata da kofin Zarif na gwangwani. Zan taka mata tafiyarsa, in durƙusa, in miƙa, sau ɗari shida da arba'in in ta kama, gwargwadon abin da gwiwoyin ɗan shekara tamanin da ɗaya za su ɗauka. Lachlan, na san abin da nake roƙo zai ci maka shekara, ban kuwa ɗauke shi ƙarami ba. Amma sannu ba ta hana zuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

'Yan'uwa, abin da nake nema gare ku shi ne ku tsaya a bayana, kada wani ya zagaya ya sa hannu a madadina. Takarda tana aljihuna, alƙalami yana kusa da ita. Ranar da Zarif ya juya yamma ya miƙa ruwa da hannunsa mai yatsu uku, a ranar zan sa hannu, da dama.

Allah Ya jiƙan Zarif Gul da duk waɗanda suka ja akala tare da shi. Allah Ya ƙarfafi hannun Tamsin, Ya musanya wa Lachlan da mafi alheri, Ya sanyaya zuciyar Ramzan ko da kaɗan ne. Allah Ya shayar da wannan ƙasa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.