Ko Gobe Zai Hau Mota, Yau Zan Koya Masa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu mai ceto. Ku ce Amin da ƙarfi mana, mutanen Birnin Kudu, ko tuwon rana ne ya danne ku?

Sunana Bulus, mai gyaran injin ban-ruwa a Gwaram. Daga ƙasar Tangale na zo tun jihar nan tana sabuwa. Shekara tara ina jagorancin matasa a ikilisiyarmu, kuma yau na tsaya ne in tona asirin kaina. Ban sha giya ba, ban sha ƙwaya ba. Ɗacin rai ne ya ɗaure ni, shi kuwa da Littafi a hammata ake fama da shi.

Kun san zamanmu a nan. Mu 'yan kaɗan ne, kuma kowa ƙafarsa ɗaya a waje. Ka ɗauki yaro bai san inda Zabura take ba, ka yi shekara uku kana fama da shi. Ranar da ya fara tsayawa gaban jama'a ba rawar murya, ranar za a yi wa ubansa canjin wurin aiki, ko makaranta ta kira shi.

Na ƙarshensu Ishaku ne. Yaron nan ba abin da na ɓoye masa. A babur ɗina nake goya shi har Fagam, muna kwance inji muna haddar aya. Har na gaya wa dattawa shi zai gaje ni. Wata Asabar sai ga shi a shagona yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba Bulus, kawuna ya samo mini aiki a Jos. Jibi zan wuce."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." A baki ke nan. A zuci fata na yi ya dawo da kunya. E, ni na yi wannan fata, ni mai koyar da ƙauna!

Ranar na kwashe ganga da littattafan waƙa na kulle a ɗakina. Na ce ni ba bawan Jos da Kaduna ba ne, da zan yi ta noma wasu suna girbi. Wata biyar babu taron matasa. In Ishaku ya kira, sai in bar wayar ta yi ta kuka. Jinina ya hau, matata ma ta fara lallaɓa ni kamar ƙwai. Dattawa kuwa suka ce ai na yi ƙoƙari, yara shida ne suka rage, a bar su su saje cikin manya a huta.

Cikin shidan nan har da 'yata Saratu, shekararta sha shida. Wata rana da la'asar tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baba, ai ni ma wata rana zan tafi. Shi ya sa ka daina koya mini tun yanzu?"

Wayyo, jama'a! Na shiga ɗaki na durƙusa a gefen gangar nan, na ce, "Ubangiji, 'ya'yanka ne ka ba ni raino, na mai da su nawa. Ka gafarta mini, ka cire mini wannan ɗaci." Na yi kuka, ban ji kunyar furfurata ba. Da na miƙe, ƙirjina wasai. Yesu ya kwance ni!

Nan take na kira Ishaku. Ya ce, "Baba, na ɗauka ka cire ni daga cikin 'ya'yanka." Na ce, "Na cire ka, ɗana. Ka yafe mini."

Ranar Lahadi na fito da ganga a kaina. Baba Dauda, babba cikin dattawanmu, ya tare ni a bakin ƙofa: "Bulus, ruwa za ka sake zubawa a rariya?"

Na rusuna na ce, "Baba, da girmanka, taron nan ba zai mutu a hannuna ba. Maƙwabcina Malam Sule yana rainon irin tumatir a fadama, ban taɓa ganin ya yi fushi ranar da aka cire shi za a kai dashe ba."

Yanzu Saratu ce ke jagorancin taron, ni ina benci na baya ina cije baki in ta yi kuskure. Ta sami makarantar koyon jinya, bayan Kirsimeti za ta tafi. Da ciwo? Da ciwo ƙwarai. Amma Shaiɗan ya ji kunya, ba zai sake kama ni da wannan ba. Ko yaro ɗaya ya rage a Gwaram, ko gobe zai hau mota, yau zan koya masa.

Na gode wa Allah da ya 'yantar da ni. Ku masu rainon matasa, ku dogara gare shi, kada ku gaji. Ku kuma sa ni a addu'a, don ni da kaina zan kai Saratu tasha, kuma wannan karon har zuci zan ce Allah ya kiyaye hanya. Amin.