Kabul Zuwa Ɗakin Hajjo

A wata butik, shagon kayan rezo na intanet, a Kasuwar Dole, Malam Suma'ila yana jujjuya naɗin kabul na jan intanet a hannu. Wani dattijo da ke jiran gyaran salula ya leƙo.

"Malam, wannan siriri ne, ɓeraye za su cinye. Ɗauki mai kauri. Amma me ya hana ka wifi?"

"Gidanmu a tsohuwar unguwar Birni yake, katangar ƙasa ce tun ta kakana. Rezo a zaure yake tsayawa. Matata Hajjo tana kwance can ciki, ba ta tashi. Zan huda katanga in ja kabul har gadonta, in sa rutar ta biyu mai watsa wifi, ta ga ɗanmu in ya kira daga Aljeriya."

"Yaushe rabonsa da kira?"

"Ina ruwanka?" Ya sake jujjuya kabul ɗin. "Tun babbar Sallah. Na ce mata katanga ce ke hanawa."

"Ni ma ɗana yana waje, a bara na huda tawa. Rezo ya cika ɗaki fal, salula shiru. Ranar uwarsa ta gane ba katanga ba ce."

Malam Suma'ila ya ajiye kabul a kan tebur.

"Mai butik, mayar da abinka. Katanga ta ci gaba da ɗaukar laifin."