Bedin Da Anka Tuge Bayan Hoto

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Malama Rabi, daga lakwal, wato makarantar boko, ta garin Affala.

Yajin aikinmu na ƙarewa anka kira mu birnin Tawa, horon malamai kan kare muhalli. Ɗalibaina sunka haƙa ramu a lakwal ɗinmu, don an ce za a ba mu dashe. Ran rufe horon munka dasa bedi, wato dogon yaro, anka ɗauki hoto. Manya na tashi, direbansu ya bi yana tugewa. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Gobe da su za a yi hoton na garin Bambeye."

Abin ya ba ni ƙyama. Takardar shaida kaɗai na komo da ita, ramun na nan buɗe. Jama'a, ku ba ni shawara: takardar zan dasa musu?